Mai Liƙa wa Na'ura Filasta

Da farcen babban yatsa Auta take ɓanɓarar filastar, tana yi tana tsaki. Wannan karon mutumin ya ƙware. Kwali ya yanko daidai faɗin saman allon na'urar, ya huda masa taga uku, sannan ya liƙe shi ta gefe huɗu da filastar asibiti, irin wadda in ta kama fata sai ta tafi da gashi.

"Sau na nawa ke nan?" ta tambaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Na bakwai," in ji Dogo, mai haɗa wayoyi da gyare-gyare na kamfaninsu. Ya jingina da bango yana cin burodinsa hankali kwance. "Shida ni na cire. Yau dai kema kin ɗanɗana."

Na'urar tana tsaye a bakin zauren asibitin, tsawonta ya kai kafaɗar mutum. Aikinta guda ne: mara lafiya ya zo ya taɓa allo, ta fito masa da 'yar takarda mai lamba da sunan ɗakin da zai je, a huta da turereniyar tagar kati. Ƙarfen da wayoyin aikin wasu ne, amma fuskar allon, wato duk abin da ido zai gani da inda yatsa zai taɓa, Auta ce ta zana. Shi ne aiki na farko da Manaja ya damƙa mata ita kaɗai tun shigarta kamfanin, kuma wata takwas ta shafe a kansa. Akwati goma sha biyu ta jera a saman allon, kowane sashe da akwatinsa da launinsa da ɗan hotonsa: ido, kunne, haƙori, ƙashi, yara, masu juna biyu, har zuwa ƙarshe. A ƙasa kuma wurin rubuta lambar kati. Shuɗin da ke bayan akwatunan kaɗai kwana uku ta yi tana zaɓensa. Tana son abin nan, so irin na wanda ya yi wa abu wahala.

To amma jiya Babbar Likita, shugabar asibitin, ta aiko da saƙo gajere. Layin da ke gaban na'urar ya fi na tagar kati tsawo. Yau ƙarfe huɗu, lokacin da masu zuwan yamma suke cika zauren, za ta sauko ta gani da idonta. In ba ta gamsu ba, kamfani ya zo da mota ya ɗauki kayansa.

A ofis ba wanda ya yarda laifin na'urar ne. Ai sun gwada ta sau ɗari kafin a kawo ta. Dogo yana fitar da takarda cikin daƙiƙa tara, Manaja cikin goma sha biyu, ita Auta ko da ido rufe za ta yi. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa duk masu gwajin nan su ne suka ƙera abin, kuma kowannensu lafiyarsa ƙalau. Saboda haka aka ɗora laifin kacokan a kan mai liƙa filasta, kuma yau Auta ta yi sammako ne don ta kama shi.

"Ni dai na ce 'yan tagar kati ne," in ji Dogo yana kakkaɓe ɓurɓushin burodi. "Hassada ce kawai. Bari in shiga ɗakin wayoyi, in kin kama shi ki kira ni in riƙe miki ƙafafunsa."

Ta goge allon da gefen hankici har ya yi sheƙi, ta jefa kwalin a kwandon shara, ta tura katin shaidar kamfani cikin jaka. Sai ta samu ƙarshen benci ta zauna cikin marasa lafiya. Wata takwas tana aikin nan, amma yau ce rana ta farko da ta zauna a wannan bencin.

Mace ta fara zuwa, da yaro saɓe a kafaɗa yana kuka yana jan kunnensa. Ta tsaya gaban allon ta ɗaga yatsa. Yatsan ya nufi akwatin yara, ya dawo na kunne, ya gangara na zazzaɓi, ya tsaya a iska. Yaron ya ƙara murya. Ta rufe ido ta taɓa na yara, na'urar ta nemi lambar kati. Ta sunkuya tana lalube a jaka da hannu ɗaya, ta fito da kwalbar ruwa, ta fito da hular yaron, ta fito da katin. Kafin ta ɗago, allon ya rubuta mata cewa lokaci ya ƙare, ya koma farko. Daƙiƙa ashirin Auta ta ba kowane shafi, don kada wani ya riƙe layi.

Matar ba ta zagi na'urar ba. Waiwayowa ta yi ta ce wa na bayanta, "Ku yi haƙuri, kaina ne ba ya ja yau." Wannan maganar ta soki Auta fiye da zagi.

Bayanta wani dattijo ne mai tabarau, da jarida a hammata, da gani ka san ya koyar da wasu karatu. Ya karanta akwatunan duka daga na ɗaya zuwa na goma sha biyu, a hankali, leɓensa na motsi. Yana kaiwa ƙarshe allon ya koma farko. Ya cire tabarau ya hura masa iska ya goge, ya ce lallai lokacin canza shi ya yi.

Ƙarfe takwas mai gadin rana ya karɓi aiki. Tsoho ne mai ƙiba da furfurar gemu, kowa a zauren Baba yake ce masa. Ya dubi allon yana ƙyalli tsirara, ya dubi layin da ya fara fita ƙofa, ya girgiza kai ya ce, "Sun zo." Daga nan ya tsaya gefen na'urar yana tambayar kowa abin da ya kawo shi yana danna masa, yana kuma ɗaga murya, "Kati a hannu, jama'a! Kati a hannu tun kafin ku iso!" Cikin awa guda bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf, ga ƙofa ba mai kula da ita, ga masu babura sun tare hanyar motar asibiti.

Can ya share gumi ya nufo bencin, ya tsaya a kan Auta.

"'Yata, tun ɗazu nake ganinki zaune. Kema ta kore ki ne?"

"A'a Baba, wani nake jira."

"To madalla, tunda zaman jira kike, ki taimake ni." Ya rage murya. "Ki sa min ido a ƙofar can ta baya. In kin ga wani dogo mai baƙar jaka ya fito, ki yi tari sau biyu."

Bai jira amsarta ba ya koma teburinsa na bakin ƙofa, ya durƙusa, ya zaro kwali daga ƙarƙashi. Auta ta leƙa. Ba ɗaya ba ne, sun kai goma a jere, duk an yanke su iri ɗaya, kowanne da taga uku. Ya fito da nadin filasta daga aljihu, ya yaga da haƙori.

Abin nema ya samu. Ga ɓarawo ga kayan sata, ga kuma ita an ɗauke ta aikin tsaron hanya. Ta buɗe baki za ta kira Dogo, sai dariya ta taso mata, ta danne ta da tafin hannu. Ta tashi ta matso kusa kamar mai tsaro da gaske.

"Baba, me ya sa kake rufe ta? Ba ka ganin an ƙawata ta?"

"Kyau kam akwai shi," ya ce yana danne gefen kwalin da babban yatsa. "Wanda ya zana wannan ya yi karatu, ba ƙarya. Amma bai taɓa ciwo ba. Na rantse miki ko ciwon kai bai taɓa yi ba."

"Ta yaya ka sani?"

"Yo mutum ya zo da zazzaɓi, bai yi barci ba, bai karya ba, yana tunanin abin da likita zai ce masa, yana tunanin yaran da ya bari gida. Kan nan a cike yake maƙil. Sai kuma ka tare shi a ƙofa da jarrabawa mai tambaya goma sha biyu, ka kuma ce ya yi sauri. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma sha biyu." Ya yagi wata filastar. "Kuma fa tambayar da take yi wa mutane ba tasu ba ce. Wai wane sashe za ka? Da mara lafiya ya san sashensa ai da shi ne likitan."

Ya ja baya ya dubi aikinsa. Akwati tara sun ɓace. Uku suka rage suna leƙowa ta tagogin, kuma a saman kowace taga ya rubuta da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, da manyan baƙaƙe karkatattu: NA ZO GANIN LIKITA. NA ZO KARƁAR MAGANI. NA ZO GWAJI.

"To mai ciwon ido fa?"

"Likita zai gani. Mai haƙori ma likita zai gani. Duk su taɓa na farko, ta tura su ɗaki na ɗaya wurin Sista, ita ta raba su. Aikinta ke nan shekara ashirin, kallo ɗaya take yi wa mutum."

Layin ya motsa. Auta ta duba agogon wayarta. Wani mai sandar guragu ya zo, ya taɓa, ya rubuta lamba, ya karɓi takarda: daƙiƙa goma sha biyar. Wata budurwa, goma sha ɗaya. Baba ya koma ƙofa yana korar masu babura, ba wanda ya ƙara kiransa sai jefi-jefi. Ta buɗe kwamfutarta a cinya ta nemo jadawalin da ya yi makonni yana ɗaure musu kai a ofis, wanda yake nuna wasu ranaku layi na gudu wasu kuma yana rarrafe. Ta jera shi da ranakun da Dogo ya zo ya cire kwali. Sun dace ɗaya bayan ɗaya, duk shidan. Duk ranar da kamfani ya zo gyara, ranar ce asibitin yake shan wahala. Kunya ta rufe ta, sai dai a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi da yake tasowa, daɗin wanda ya daɗe yana neman makulli sai ya ji shi a aljihunsa.

Tana cikin wannan ta manta da tari.

"Na kama shi!" Muryar Dogo ta cika zauren. Ya taho da dogayen ƙafafunsa yana nuna nadin filastar da ke leƙowa daga aljihun Baba. "Auta, ga shi! Ga mutumin naki!"

Baba ya tura filastar ciki, ya dubi Auta da ido mai cike da ƙorafi. "Haba 'yata. Tari biyu kawai na roƙa."

"Dogo, kada ka taɓa kwalin nan," ta ce. Ta zaro katin shaidarta daga jaka ta rataya a wuya, ta ɗan russuna. "Baba, ka yi haƙuri. Ni ce wadda ba ta taɓa ciwon kai ba."

Tsohon ya dubi katin, ya dubi na'urar, ya sake duban katin. Ya cire hula ya dafe kai. "Baki shi ke yanka wuya. Matata ta sha gaya min. Shi ke nan, saura shekara biyu in yi ritaya, na jawo wa kaina." Sai ya leƙo ta ƙasan ido. "Amma dai na ce kin yi karatu, kin ji lokacin da na faɗa ko?"

Dariyar da take dannewa tun ɗazu ta kufce. Ta yi har da hawaye, 'yan kan benci suka kama ba su ma san dalili ba, shi ma Baba da ya ga ba kora ba ce sai tumbinsa ya fara rawa. Dogo kaɗai ya tsaya sororo, sai da ta juya masa kwamfutar ya ga jadawalin. Ya daɗe yana kallo.

"Wato ni ne annobar," ya ce.

"Ni da kai. Samo min kujera da wurin caji, muna da awa shida."

Teburin mai gadi ya zama ofis. Aka ture littafin baƙi da kofin shayi gefe. Auta ta kira Manaja ta gaya masa za ta rushe shafin farko ta sake shi kafin huɗu. Manaja ya tuna mata cewa akwatunan nan ba daga sama suka faɗo ba, kowane shugaban sashe sai da ya zauna a taro ya nace a sa sunan sashensa a gaba, likitan ido ma har girman akwatinsa ya auna da na likitan haƙori.

"Ranka ya daɗe, su shugabannin ba sa bin layin," ta ce. "In an bar ta haka ɗauke ta za a yi, kowa ya rasa akwatinsa."

"In ta ɓaci, ke za ki tsaya gabansu."

"Na ji, zan tsaya."

Ba ta fara da kwamfuta ba. Sauran kwalayen Baba ta ɗauka, ta juya bayansu, ta ari makarsa tana zana shafukan da hannu, shafi ɗaya tambaya ɗaya. In ta zana sai ta ɗauka ta bi benci tana sallama, tana cewa, "Mama, da a ce wannan ce na'urar, ina za ki taɓa?" Wata tsohuwa da ba ta karatu ta nuna hoton likita nan take, ta nuna kwalbar magani, amma da ta ga allurar da aka zana a kan akwatin gwaji sai ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. "Ni ba allura na zo ba!" Auta ta soke allurar ta zana 'yar kwalbar jini. Dattijo mai tabarau, wanda yake jiran magani yanzu, ya ba da shawara a raba lambar kati uku-uku yadda take a jikin katin, ya kuma ƙara da cewa dama shi tun farko ya san ba tabaraunsa ba ne. Auta ta cire agogon daƙiƙa ashirin ɗin. In mutum ya daɗe, allon zai tambaye shi ne kawai ko yana nan, ya kuma riƙe masa abin da ya riga ya rubuta. Ta ƙara wuri ɗaya na wanda ba shi da kati, don ta ƙirga mutum biyar da safen nan da suka tsaya nan suka rasa gaba suka rasa baya.

Wajen sha biyu wata nas mai faɗin kafaɗa ta fito daga ɗaki na ɗaya ta ajiye sabon nadin filasta a teburin ba tare da ta kalli kowa ba. Sai ta ga katin wuyan Auta, ta sa hannu za ta ɗauke abinta.

"Bar shi, Sista," in ji Baba. "Asiri ya riga ya tonu. Zo ki ga abin arziki."

Sista ta bi kwalayen da kallo ɗaya-ɗaya, ta gyaɗa kai, sannan ta ce, "Ina na gaggawa? Mai zubar jini fa, ko mai naƙuda?"

"Ni ne na gaggawa," Baba ya bugi ƙirji. "Tun daga bakin titi nake gane su."

"Ranar da kake hutu fa, Baba?" in ji Auta.

Ya shafa gemu. Ya sake shafawa. "Sa shi," ya ce. "Ja. A ƙasa, shi kaɗai, kada ya haɗu da sauran. Kin ga amfanin karatun da nake faɗa."

Ta koma kwamfuta. Share akwatunan nan bai zo mata da sauƙi ba. Ɗan hoton haƙorin nan sau goma sha huɗu ta zana shi kafin ya yi mata, yanzu da dannawa ɗaya ya tafi. Tana goge na kunne wayarta ta yi ƙara, Umma ce. Umma tana da hoton allon mai akwati goma sha biyu a wayarta, duk baƙon da ya shigo gidan sai ya gan shi kafin a ba shi ruwa, har Yaya yana cewa ta fi nuna shi a kan hoton jikokinta.

"Auta, kin fita ba ki karya ba. Yayanki ya ce wai yau ake yanke wa na'urar taki hukunci."

"Yaya dai ba ya riƙe magana. Umma, aiki nake."

"To yi aikinki. Dama yau ne awon hawan jinina, da yamma zan shigo."

"Umma, don Allah ki bari sai gobe."

"Ciwon nawa ne zai jira gobe? Ki sha ko shayi ne." Ta kashe.

Ƙarfe biyu da rabi Dogo ya ɗora sabon zanen. Na'urar ta ɗauke, ta yi baƙi na minti uku da Auta ta ji kamar shekara, sannan ta dawo. Baba da kansa ya ɓanɓare kwalinsa, ya naɗe shi ya sa a hammata don ko-ta-kwana. A allon akwai tambaya guda da manyan baƙaƙe: Me ya kawo ka yau? Ƙarƙashinta akwati uku manya, can ƙasa jan layi ɗaya. Shuɗin nata kaɗai ya tsira.

Ƙarfe huɗu daidai Babbar Likita ta sauko, 'yar siririyar mace mai furfura a goshi da agogo babba a hannu, shugabannin sashe huɗu na biye da ita. Zauren ya cika, mota ta sauke mutane a ƙofa yanzun nan. Auta ta matso za ta yi bayanin da ta shirya.

"Ba bayani na zo ji ba," in ji Babbar Likita. "Ke koma can. Kai ma Baba, kada ka matso."

Likitan ido ya leƙa allon ya ɗago a fusace. "Ina sashena?"

"Yana hawa na biyu inda ka bar shi," in ji Babbar Likita, idonta na kan agogo.

Wani magidanci ya shigo riƙe da hannun mahaifinsa, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, yana faɗa da wani a kan taya da aka ƙi kawo masa. Ya iso gaban na'urar, ya taɓa, ya rubuta lamba, ya fizgi takarda, ya ja tsohonsa suka wuce, bai ko yanke zancen tayar ba. Wata mai tsohon ciki ta biyo. Wasu 'yan mata biyu suka yi nasu suna hira. Wani ya tsaya lalubar kati har kusan minti guda, allon ya jira shi. Idon Auta yana bin kowane yatsa, amma masu yatsun ko kallo na biyu ba sa yi wa aikinta. Mutum ashirin da uku suka wuce, layin bai taɓa kai mutum biyar ba.

Babbar Likita ta sauke hannu. "A bar ta." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Wai wane ne yake liƙa mata kwali? An kawo min ƙara har sau uku."

Baba ya matse hammata, ya shiga nazarin silin.

"Mai ba mu shawara ne, ranki ya daɗe," in ji Auta. "Kusan duk abin da kika gani nasa ne."

Babbar Likita ta dubi gefen kwalin da ke leƙowa ta hammatar Baba, bakinta ya ɗan motsa. "To ku gaya wa mai shawarar, filastar asibiti ta marasa lafiya ce." Ta hau bene.

Dogo ya ɗaga Baba sama duk da nauyinsa, Baba yana ihu a sauke shi kafin ƙugunsa ya goce. Sista ta leƙo ta ɗaga babban yatsa ta koma. Auta ta tsaya tana dariya ita kaɗai, farin ciki ya cika ta har ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba. A nan ta hango Umma a layi, ta uku daga gaba, da jakarta ta zuwa unguwa da kati riƙe gam a hannu. Ta yunƙura za ta je, Umma ta harare ta, ta tsaya.

Umma ta isa gaban allon. Ta ɗan ja baya ta karanta, ta taɓa na farko, ta rubuta lambarta uku-uku tana duba katin. Takarda ta fito. Ta riƙe ta tana juyawa, sannan ta zo ta zauna a benci ta ja hannun Auta ta zaunar da ita.

"Ina sauran akwatunan? Masu kalar nan?"

"Na cire su, Umma."

"Wata takwas kina hana kanki barci, a ƙarshe tambaya ɗaya? Yanzu me zan nuna wa mutane?" Ta yi ƙwafa, amma ba ta saki hannun ba. Ta dubi hagu da dama, ta matso da bakinta kusa da kunnen Auta. "Watan jiya da wancan, da na ce miki likita bai zo ba, ya zo. Ni ce ban shiga ba."

Auta ta juyo ta dube ta.

"Ranar farko tun daga ƙarshen layi nake gaya wa mutane 'yata ce ta yi ta. Da na iso gabanta na rasa inda zan taɓa. To da wane ido zan ce a taimake ni? Sai na ce na manta katina a gida, na fita. Na biyun ma ban kai gabanta ba, daga ƙofa na juya."

Wata biyu ba awo. Auta ta kai gefen hankici ido.

"Kul, kada ki yi min kuka a cikin mutane," in ji Umma. "Kuma in Yayanki ya ji wannan maganar, ni da ke ne."

Lasifikar zauren ta yi ƙara. Lamba arba'in da ɗaya, ɗaki na ɗaya. Umma ta duba takardarta, ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗora wa Auta jakar a cinya.

"Riƙe min nan," ta ce. "Ni ake kira."